Mu muna faɗan rabon VAT, Ghanawa suna faɗan wa zai biya

Ina zaune a Kumasi ina 'yar harkar goro, amma kunnena kullum yana gida, labarin Abuja da Kano baya wuce ni, dan haka duk ƙarshen shekara in aka shiga lokacin kasafin kuɗi sai in riƙa kallon rigima biyu lokaci guda, ta majalisar Akra da ta majalisar Abuja. Kuma wallahi abun da nake gani yana ci min rai. Anan Ghana in gwamnati ta kawo sabon haraji, tambayar farko da zaka ji a bakin direban trotro, wato motar haya, ko mai koko da ƙosai ita ce wa zai biya, ni ne ko mai kuɗi? Mu kuwa a arewa tambayar da aka saba mana da ita itace jiharmu nawa zata samu in an zo rabo. Wannan tambayar ta gwamnoni ce, amma mu muka ɗora ta a ka muna ta kumfar baki a Facebook, ita kuma tambayar da ta shafi aljihunmu kai tsaye muka barta a ƙasa.

A Nuwamban 2021 ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya kai kasafin 2022 gaban majalisa, a ciki ya saka E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, kashi 1.75 cikin 100. Wanda bai taɓa zaman Ghana ba ba zai gane nauyin maganar ba, domin anan momo, wato asusun kuɗi na waya, shine bankin talaka, yarinyar da ta taso daga arewacin ƙasar tana kayaye, wato dakon kaya, a kasuwar Kejetia da momo take tura ma uwarta kuɗin hatsi, yaron da ke tuƙa aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da momo yake kai ma maigidansa balas, mu kanmu masu goro in zaka biya dillali a ƙauye ba zaka ɗau kuɗi a jaka ka hau mota ba, waya zaka latsa. To sai gwamnati ta ce ai ga inda kuɗi ke yawo, bari mu tare nan.

Majalisar a lokacin kunnen doki take, jam'iyyar NPP mai mulki kujera 137, NDC mai adawa 137, sai ɗan indifenda guda ɗaya da ya jingina da masu mulki, ga kakakin majalisa Alban Bagbin shi kuma ɗan NDC ne. Haruna Iddrisu ke jagorantar marasa rinjaye, Muntaka Mubarak ɗan majalisar Asawase, wato mazaɓar zangonmu na nan Kumasi, shine bulaliyarsu, dan haka a Aboabo da Asawase maganar ta zama kaman ta cikin gida, duk inda ake dafa ataya ita ake yi. Ran 26 ga Nuwamba 'yan NPP suka fice daga zauren, 'yan adawa suka yi fatali da kasafin gaba ɗaya, bayan kwana huɗu masu mulki suka dawo suka warware. Daren 20 ga Disamba kuwa sai da aka ba hamata iska a cikin majalisa, ana naushi ana cakumar riga a gaban kyamara, saboda mataimakin kakaki Joseph Osei-Owusu dake kan kujera ya nemi sauka ya je ya kaɗa ƙuri'a. Ni ban ji daɗin damben ba, dattawa ne kuma yara suna kallo. Amma ka duba akan me aka yi shi, akan kuɗin da za'a cire daga wayar talaka ne. Da ƙyar dokar ta wuce ran 29 ga Maris 2022 bayan an rage ta zuwa kashi 1.5, aka fara cira ran 1 ga Mayu.

Yanzu ga inda ni nake ganin rashin adalcin yake, kuma nan ne ba'a cika tsayawa a kai ba. An ce sidi 100 na farko da ka tura a rana ta momo ba haraji, wai dan a kare talaka. Amma mai tura kuɗi daga asusunsa na banki zuwa na wani, nashi rangwamen sidi 20,000 ne a rana. Mai rubuta cek kuwa ba abun da ya shafe shi sam. Wato a lokacin matar da zata tura sidi 500 a siyo mata buhun wake za'a cire mata sidi 6 banda ladan kamfanin waya, shi kuma wanda zai tura sidi 15,000 daga banki yana kwance a falonsa a unguwar masu kuɗi ta Ahodwo ko sisi ba za'a taɓa masa ba. Akwai wata Hajiya mai wake da shinkafa kusa da inda muke sauke kaya, ita ta fara fahimtar da ni wannan tun kafin in ji a rediyo, tace min ɗana, ni kuɗina sau uku suke juyawa a rana, na mai wake daban, na mai gawayi daban, na mai kifi daban, kenan ni ake yanka sau uku. Ba ta yi boko ba amma lissafinta daidai yake, harajin dake bin juyawar kuɗi ya fi cin wanda jarinsa ƙarami ne yana juya shi kullum, wanda dukiyarsa ke kwance a fili da gini shi baya ma jin an yi.

A kasafin 2022 ɗin nan dai aka soke kuɗin tol na kan hanyoyi. Wa ya amfana? Mai mota. Wa ya rasa abinci? Masu karɓar tikitin, waɗanda da dama cikinsu naƙasassu ne, da mata da yaran dake tallar biredi da ruwa a bakin tol ɗin. Aka ɗauke kaya daga kan mai mota aka aza ma mai waya.

Mutane basu zauna ba. Sai aka koma kai tsabar kuɗi wurin ejan ya saka a lambar wanda zaka biya, tunda sakawa da cirewa ba haraji, wasu suka koma riƙe kuɗi a hannu. Gwamnati ta yi hasashen samun kusan sidi biliyan 6.9 a shekarar farko, abun da ya shigo ko kusa bai kai ba. Janairun 2023 aka sake rage shi zuwa kashi 1. Da zaɓen 2024 ya zo, John Mahama na NDC yace zai soke, Mahamudu Bawumia wanda shine mataimakin shugaban ƙasa a gwamnatin da ta kawo harajin shima yace zai soke, a Afrilun 2025 Mahama ya sa hannu aka binne shi tare da harajin caca na kashi 10. Haraji guda ɗaya ya zama maganar zaɓe har 'yan takara biyu suna rige rigen gudunsa, wannan shine abun da nake so 'yan uwana na gida su gani.

Kar wani ya ɗauka ina cewa Ghana aljannar talaka ce, ina! A 2018 gwamnatin Akufo-Addo ta saka haraji kan manyan motoci masu injin wajen lita 3 zuwa sama, sidi 1,000 zuwa 2,000 a shekara. Dillalan motoci da masu motocin suka tada jijiyar wuya, kuma a gaskiya tsarin yana da gyara tunda girman inji aka duba ba darajar mota ba, tsohuwar mota mai babban inji sai ta faɗa ciki. To amma maimakon a gyara a ce darajar mota za'a bi, sai aka soke shi ɗungurungum a 2019, shekara ɗaya kacal yayi, ba dambe a majalisa ba komai. Harajin wayar talaka kuwa sai da ya kusa shekara uku yana yanka, sai da aka canza gwamnati kafin ya tafi. Kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi kenan.

Su kansu jam'iyyun ba wai aƙida ce ta raba su akan maganar ba, kujera ce. Nana Akufo-Addo yana cikin jagororin zanga zangar Kume Preko a Mayun 1995, lokacin da gwamnatin Rawlings ta kawo VAT na kashi 17.5, aka rasa rayuka a titin Akra, gwamnati ta janye harajin, sai 1998 ya dawo a kashi 10. Shi wannan mutumin ne yana shugaban ƙasa aka kawo E-levy, aka ƙara harajin korona na kashi 1, aka ɗaga VAT daga 12.5 zuwa 15 a 2023. NDC da suka yi dambe saboda talaka, suna hawa basu rufe wata bakwai ba suka ƙara sidi 1 akan kowace litar mai a 2025 dan biyan bashin ɓangaren wuta, kuma kowa ya san kuɗin mai a ƙarshe a farashin tumatir da kuɗin mota yake sauka. Dan haka ni ba 'yan siyasar Ghana nake yabo ba, jama'ar nake yabo. A farkon 2024 da aka ce za'a sa VAT na kashi 15 akan wutar gidaje, ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta tsaya kai da fata ta sa ranar zanga zanga, kafin ranar ta zo gwamnati ta dakatar. Mutanen nan suna karanta lambobin, suna kiran gidajen rediyo da Turanci da Twi da Hausa suna tambayar ɗan majalisarsu kai da wa ka tsaya.

To mu dawo gida. Oktoban 2024 Tinubu ya aika ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu majalisa, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya shirya. Gwamnonin arewa suka zauna a Kaduna da sarakuna suka ce basu yarda ba, Gwamna Zulum na Borno ya fito a kafafen labarai yana gargaɗi, malamai suka hau mumbari, arewa ta ɗau zafi. Akan me? Akan tsarin rabon VAT, cewa za'a ba inda aka samo kuɗin kashi 60, Legas zata kwashe. Ban ce maganar banza bace, jihar da bata iya biyan albashi sai da kason Abuja dole ta tsorata, kuma a cikin wannan jan in ja ɗin ne aka hana ƙarin VAT ɗin da aka so a kai kashi 10 har ya dangana da 15, aka barshi a 7.5, wannan kam alheri ne ga talaka kuma na yaba. A ƙarshe aka daidaita, kashi 50 a raba daidai, 30 bisa inda aka ci kayan, 20 bisa yawan jama'a, kason jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55, aka sa hannu a Yunin 2025. Daga ranar da gwamnoni suka samu lissafin da ya musu, sai kaji tsit, kaman ƙudurorin ba abun da ke cikinsu sai rabo.

Alhali akwai abubuwan da ya kamata mu tattauna a majalisun shayi da masallatai. Dokar tace mai samun naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara ba zai biya harajin albashi ba, mafi girman mataki kuma kashi 25 ne ga abun da ya haura miliyan 50. Shin 800,000 ta isa iyaka a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000 a wata, wato 840,000 a shekara? Shin kashi 25 yayi ma mai biliyoyi, tunda anan Ghana matakin sama kashi 35 ne? Ban ji an tsaya akan waɗannan ba ko rabin yadda aka tsaya akan rabo. Ga naira 50 da ake cirewa in aka tura 10,000 zuwa sama, wacce tun Disamban 2024 ta shafi har su Opay da Moniepoint inda talaka ya gudu, wanda ya tura 10,000 naira 50, wanda ya tura miliyan 10 shima naira 50, ai wannan ya fi E-levy rashin tausayi a tsari, amma ba ɗan majalisar da na ga ya cire babbar riga akai. A shekarar da aka cire tallafin mai, 2023, a shekarar ne 'yan majalisar tarayya suka karɓi sabbin jifa jifai, aka kuma ga kuɗin jirgin ruwan shugaban ƙasa naira biliyan 5 a ƙaramin kasafi sai da aka yi ca kafin a taɓa shi.

Sannan mafi yawan talakawanmu ai ba 'yan albashi bane, rangwamen 800,000 bai ma san da su ba. Harajinsu a bakin kasuwa yake da kan hanya, tikitin rumfa, tikitin tasha, kuɗin ƙungiya, kuɗin shara, kuɗin kara in ka kai akuya, ga shingayen da motar kaya ke ratsawa daga arewa zuwa kudu kowanne da rasit ɗinsa wani ma ba rasit. Mu masu goro mun san wannan a jikinmu, kuma duk abun da aka karɓa a hanya akan tsohon da zai sayi goron naira ɗari yake ƙarewa. Anan ma haka ne, mai tire a ka ana yankar mata tikiti kullum, duk da dai gwamnati ta soke na kayaye a kasafin 2017.

Abun da ya fi ƙona min rai shine mu muka fi kowa gadon wannan gwagwarmayar. Siyasar NEPU ta Malam Aminu Kano da me ta shiga zuciyar talaka in ba da maganar haraji da jangali da zaluncin masu karɓarsu ba? A 1979 da PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, har yau tsofaffi in suna ba da labari zaka ji muryarsu ta canza. Iyayenmu basu tambayi nawa lardinmu zai samu ba, sun tambayi dan me za'a bi manomi mai gona ɗaya da kuɗi daidai da na attajiri. Jikokinsu ne yau muke faɗa akan kason da in ya shigo asusun jiha bamu san inda yake bi ba.

Na taɓa wannan maganar da wani dattijo cikin manyan fataken zango, mutum mai mutunci da kyauta, yace min yaro kana da zafi, mai kuɗi fa shi ke ɗaukar mutane aiki, in ka matsa masa ya kwashe dukiyarsa ya kai Dubai, kuma ko an karɓa ɓarayin gwamnati ne zasu cinye, gara ya fitar da zakkarsa da hannunsa ya san inda ta je. Nace Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganar sata gaskiya ce ba musu, amma wa take kuɓutarwa? Mai kuɗi ne kaɗai ke iya cewa ba zan bayar ba tunda za'a sace, yana da lauya yana da akanta yana da lambar wayar manya. Talaka tun kafin kuɗin ya shigo hannunsa an cire, a litar mai, a katin waya, a sabulu, ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda da gwamnati. In kuwa kowa zai riƙe nasa sai an daina sata, to a fara sakar ma na ƙasa.

Kuma tunda ya kawo zakka, nace ai ita ce hujjata. Zakka tana da nisabi, wanda bai kai ba ba'a taɓa shi, shi ake ba ma. Tumaki sai sun kai 40 ake fidda ɗaya, shanu sai 30, kuɗi sai sun kai nisabi sun kuma shekara sannan a cire ɗaya cikin 40, amfanin gona ma wanda ya sha wahalar ban ruwa rabin na mai noman damina yake bayarwa. Wato ana duba abun da ya taru ya kwanta, ana duba wahalar da aka sha, ana ɗauka daga mawadata a mayar ga matalauta. Ba cewa nake gwamnatin Ghana ko ta Najeriya ta koma karɓar zakka ba, ƙasashe ne na kowa da kowa. Cewa nake mu da muka taso da wannan karatun tun muna makarantar allo bai kamata wani ya zo daga waje ya koya mana cewa haraji akan tarin dukiya ya kamata ya fi nauyi ba, mu ya dace mu fi kowa ɗaga murya akai. Ya yi shiru ya ce to Allah ya kyauta, ban san ko na gamsar da shi ba amma bai sake kawo Dubai ba.

Dama gida baya tashi ya tafi Dubai. Ka zaga East Legon da Cantonments a Akra, ko Ahodwo da Nhyiaeso anan Kumasi, ko Maitama da Asokoro, ko Nasarawa GRA a Kano, gidaje ne na miliyoyin daloli wasu a rufe shekara da shekaru ba kowa ciki sai maigadi. Harajin gidaje yana nan a dokokin ƙasashen biyu, amma kowa ya san karɓarsa rauni gareshi, ƙimar gidajen ta tsufa, wasu ma basa cikin rajista, su kuma masu gidajen sune masu rubuta kasafin ko abokansu. Ga rangwamen haraji da ake ba manyan kamfanoni, wanda anan sai da 'yan adawa suka tare wasu a majalisa a 2024 ana ta cacar baki akan na kamfanonin shirin masana'anta ɗaya a kowace gunduma, a gida kuwa sau da yawa sai dai ka tsinci labarin bayan an gama. Kuɗin da aka yafe ma kamfani ai ba ɓacewa yake ba, giɓi ne a kasafi, kuma giɓin da kuɗin mai da tikitin kasuwa ake cike shi.

Dan haka ni roƙona ga matasanmu masu rubutu da malamanmu masu mumbari da 'yan jaridar gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato, in gwamna ya kai kasafinsa majalisar jiha bana yace zai ƙara kuɗin shiga na cikin gida, a tambaye shi daga aljihun wa. A nemi ya faɗi nawa aka tara daga kasuwanni da tashoshi da 'yan adaidaita, nawa aka tara daga gidajen GRA da manyan filaye da plazoji. A nemi sunayen kamfanonin da aka yafe ma haraji da adadin abun da aka yafe. Ɗan majalisar tarayya kuma in ya zo gida hutun sallah, a tare shi da maganar naira 50 ɗin nan, a tambaye shi dan me mai tura 10,000 da mai tura miliyan 10 suke biyan abu ɗaya, kuma shi wane ƙuduri ya kai akai.